Kafin a sa wa ƙaramin babur ƙatuwar taya a baya, a fara tambayar rim

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da samarin da ke hawa ƙananan baburan gudu, irin su Pulsar da Apache da R15 da Ninja 250, da kuma 'yan'uwanmu makanikai da masu faci da ke yi musu aiki. Abin da ake yayi yanzu a Sakkwato shi ne a cire tayar baya da babur ya zo da ita a sa mai faɗi, don ya cika ido idan an hango shi daga baya. Yana kyau kam, ba mu musu. Abin da ya dame mu shi ne yawancin aikin ba a auna komai a cikinsa. Za a tura taya, a juya ta da hannu sau biyu, yaron shago ya ɗago ya ce, "Maigida, ta shiga, ba ta taɓa komi." Shike nan, a karɓi kuɗi. Alhali taya tana iya shiga ba ta zauna daidai ba, kuma ba a kan jak take nuna halinta ba, sai an kwanto kwana da goyo a baya.

Lambar da ke jikin taya ita ce mafarin komai. Idan an rubuta 130/70-17, faɗinta milimita 130 ne. Ita 70 ɗin tsayin gefenta ne, amma ba a milimita ba, kashi 70 cikin 100 na faɗin ake nufi, wato milimita 91. Sai 17, girman rim a inci. Shi ma rim yana da tasa lambar, a zube a jikin ƙafarsa ko a gefensa, kamar 17 x MT3.50. Wannan 3.50 ɗin faɗin rim ne daga ciki zuwa ciki, inda leɓen taya ke zama, kuma a inci yake. A share ƙura da giris a nemo ta. In ta goge, sai a cire taya a auna da baniya ko tef, inci ɗaya milimita 25.4 ne. Mutane da yawa sun haddace lambar tayarsu, amma ka tambaye su ta rim sai su yi shiru, ita ce kuwa ke yanke hukunci.

Kowace taya akwai faɗin rim da aka ƙera ta dominsa. Mai 110/80 tana son rim wajen 2.50. Mai 130/70 gidanta 3.50. Mai 140/70 ta fi jin daɗin 4.00, amma tana zama a kan 3.50. Mai 150/60 ba ta son ƙasa da 4.00, mai 160/60 kuma 4.50 take nema. Daga nan mai karatu zai ga cewa hawa ɗaya kawai rim ke iya haƙura da shi: daga 130 zuwa 140, ko daga 100 zuwa 110. Wanda ya ɗauko 140 ya cusa wa Pulsar 150, wadda ta zo da 100/90-17, ya tsallake hawa huɗu a kan rim ɗin da ba a yi shi don haka ba.

Ga abin da ke faruwa idan rim ya yi wa taya kaɗan. Leɓunanta biyu za su matso kusa da juna fiye da yadda aka tsara, sai bayan tayar ya tankwaru ya yi tsini. A tsuguna a bayan irin wannan babur a duba: tsakiyar ta yi doro kamar bayan raƙumi, gefunan kuma sun zube sun miƙe tsaye, har ƙirar da ya kamata ta taka kwalta a kwana ta koma tana kallon gefe. Bayan 'yan watanni za ka ga wata siririyar hanya mai faɗin yatsa uku a tsakiya ta cinye ta yi sumul, gefunan kuwa har ƙananan gashin roba na kamfani suna nan. Mai babur ya biya kuɗin 150, amma abin da ke taka ƙasa bai kai na 130 ɗin da ya cire ba. A kwana babur zai riƙa faɗawa farat ɗaya maimakon ya kwanta a hankali. In tubles ce, wato marar tif, leɓen da bai zauna daidai ba yana iya sakin iska idan an daki rami.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa taya mai faɗi ta fi kama ƙasa. Nauyin da ke kan taya da iskar da ke cikinta su ne suka fi yanke girman wurin da ke taka kwalta, riƙo kuma ya fi dogara ga irin robar da shekarunta da zafinta. Manyan babura masu ƙarfin doki kusan 200 ana sa musu 190 ko 200 ne saboda ƙarfin injin zai ƙone siririyar taya. Pulsar 150 dokinta wajen 14 ne, NS200 ɗan sama da 20. A gasar duniya ta Moto3, inda ake tsere da injin 250cc ana haura kilomita 200 a awa, ana kwantar da babur har gwiwa ta shafi ƙasa, faɗin tayar baya bai wuce milimita 120 ba. Wannan ya isa amsa. Sannan abin da ke kayar da mutane a garin nan yashin da iska ke shimfiɗawa a bakin shataletale ne, da tsakuwar da tifa ke zubarwa. A kan wannan, 150 da 110 duk tafiya ɗaya suke yi.

Kamfanonin da kansu sun nuna yadda ake yi. R15 ta farko da Yamaha ya fitar a 2008 tayar bayanta 100/80-17 ce. Da ya so mai da ita 130/70 a 2011, bai tsaya a taya ba: ya canza rim, ya kuma canza suwinam, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar baya, ya sa na alminiyam wanda ya fi tsawo. Haka Kawasaki: Ninja 250 ta 2008 ta zo da 130/70 a rim 3.50, da Ninja 300 ta zo da 140/70 sai aka ba ta rim 4.00. Masu injiniyoyi da wurin gwaji ke nan ba su yarda su ƙara taya su bar rim ba.

To, wanda ya ji duk wannan ya ce shi dai yana so, hanya biyu ce.

Mai sauƙin ita ce ƙarin hawa ɗaya a kan rim ɗin da ke jiki. Kafin a sayi komai, a ɗora babur a jak, a auna tazarar da ke tsakanin gefen tsohuwar taya, inda ta fi kumbura, da duk abin da ke maƙwabtaka da ita: kaca, murfin kaca, ƙafafun suwinam biyu, gindin suwinam ta gaba, sandar birki in mai durum ne, salansa, da cikin madgad. A rubuta a takarda. Ƙarin milimita 10 a faɗi yana cin milimita 5 ta kowane gefe, ƙarin 20 yana cin 10. Idan tsakanin taya mai 130 da kaca milimita 12 ne, 140 za ta bar 7, 150 za ta bar 2. Abin da ya kamata ya rage bai gaza milimita 5 ba a ko'ina, ta wajen kaca ma an fi son 8, don kaca tana kaɗawa gefe da gefe, taya kuma tana kumbura idan ta yi zafi tana gudu. A kuma sani cewa lambar jikin taya suna ce: 140 ta wani kamfani tana iya fin ta wani da 'yan milimitoci. Saboda haka a sake awo bayan an sa ta an hura.

Gwajin alli ya fi ido gaskiya. A shafa alli a gefunan tayar duka biyu da kuma tsakiyarta, mutum biyu masu jiki su hau su danna shokozoba har ƙasa sau da yawa, sannan a zaga unguwa a bi ta kan 'yan ramuka. Duk inda alli ya goge, ko ya bar fari a jikin ƙarfe, nan ne take gogawa. Tayar da kaca ta daɗe tana lasa ba ta ɓuya: za ka ga zobe mai ƙyalli ya zagaye gefenta na hagu, ka sa farce ka ji ya yi kwari, bayan kacar kuma ya yi fes kamar an goge shi da toka, ga garin baƙar roba a manne da giris. Gefen taya shi ne wurin da ya fi siranta. Idan zare ya fara leƙowa ta wannan zoben, tayar ta gama aiki ko da ƙirarta sabuwa ce.

Faɗi kaɗai ake kallo, ana manta tsayi. Lissafinsa ba wuya: rim 17 milimita 431.8 ne, sai a ƙara tsayin gefe sau biyu. Mai 130/70 ta tashi 613.8. Mai 140/70 ta tashi 627.8. Mai 150/70 ta kai 641.8, amma 150/60 ta tsaya a 611.8, kusan daidai da ta asali. Shi ya sa duk wanda ya ƙara faɗi sosai yake rage lambar tsakiya. Da 140/70 bayan babur zai ɗaga milimita 7, da 150/70 kuma 14, kan babur ya ɗan duƙa, gajeren mutum ya fara dogara da yatsun ƙafa. Doguwar taya kuma tana ƙara wa giya nauyi. Daga 130/70 zuwa 140/70 bambancin kashi 2.3 cikin 100 ne, wanda a farantin kaca mai haƙora 45 irin na Ninja 250 ya yi daidai da haƙori ɗaya. Wato in ana so babur ya riƙa tashi kamar da, sai a sa faranti mai 46. In 150/70 ce haƙora biyu ake ƙarawa. Idan ba a yi haka ba, sai mai babur ya dawo yana cewa injin ya mutu, a hau buɗe kafireto ana canza fulogi, alhali ciwon yana taya. Agogon gudu kuma, in daga tayar gaba yake karatu ba ruwansa, in daga giya yake ɗauka zai riƙa nuna ƙasa da yadda yake nunawa a da.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko rim mai faɗi daga wani babur. Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake gyaran gangar Auzinawa.

Kafin a kwance tsohon rim a tarwatsa kayansa, a fitar da shi tare da sifesoshinsa, wato gajerun bututun ƙarfen da ke cike tazara a gefensa biyu, da mazaunin farantin kaca da mariƙin kalifa, wato abin da ke matse farantin birki, a jera su a kan shaf, sandar da taya ke juyawa a kanta, yadda suke a jikin babur. A ɗauki ƙarshen sifesar hagu, inda take manne da suwinam, a matsayin mafari, a auna abu huɗu: daga nan zuwa fuskar farantin kaca, daga nan zuwa tsakiyar rim, daga nan zuwa farantin birki, da kuma tsawon jerin gaba ɗaya har ƙarshen dama. Waɗannan lambobi huɗu su ne sabon rim zai maimaita. Duk aikin sauya rim bai wuce wannan ba, wahalarsa kuma ita ce gyara ɗaya yana ɓata ɗaya. Ka tura rim dama don taya ta kauce wa kaca, tsakiya ta goce. Ka dawo da shi tsakiya, farantin birki ya bar bakin kalifa.

A fara da shaf da boris, wato zoben nan mai ƙwallaye da rim ke juyawa a kansa. Ƙananan babura shaf ɗin bayansu yakan zama milimita 15 ko 17. Lambar boris tana faɗin girmansa: 6202 raminsa 15, bayansa 35, kaurinsa 11. Shi 6302 rami 15, baya 42, kauri 13. Shi kuma 6203 rami 17, baya 40, kauri 12. Idan rim ɗin da aka samo yana da 6203 shaf ɗinka kuma 15 ne, sai a je wajen masu injin fiƙe ƙarfe su yi hannun riga na ƙarfe mai kafaɗa wanda zai cike milimita ɗaya ta kowane gefe, ya shiga cif ba wasa. Idan kuma akasin haka ne, rim mai 6202 shaf mai 17, akwai 6003 da bayansa 35 raminsa 17, amma ya fi siranta da milimita ɗaya kuma bai kai 6202 ɗaukar nauyi ba, don haka mai yawan goyo ya yi tunani. Abin da ba a yi shi ne a fiƙe shaf don ya shiga ƙaramin boris, ko a naɗe shi da gwangwanin madara don ya cika babba. Duka biyun ana yi a garin nan.

A cikin cibiyar rim, tsakanin boris biyu, akwai wani ɗan bututun ƙarfe. Yara sukan manta shi a cikin tasa, wasu ma su jefar su ce ba ya aikin komai. Shi ne ke karɓar matsin noti. Dole tsawonsa ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin mazaunan boris biyun. In babu shi, ko ya gaza, da an ɗaure noti sai zoben cikin boris ya matsu ciki, ƙwallayen su hau gefe. Alamarsa a fili take: kafin ɗauri taya tana juyawa sakayau, bayan ɗauri ta yi nauyi. Mai gaggawa sai ya sassauta noti ya ce ya gyara, wato ya bar shaf yana rawa. Irin wannan boris ba ya daɗewa, zai fara kuka, cibiya ta yi zafin da ba a iya taɓawa, wata rana ya watse a hanyar Illela ko ta Tambuwal inda ba inuwa ba makaniki.

Sifesoshin waje kuma a fiƙe su daga dunƙulen ƙarfe ko alminiyam mai kauri, fuskokinsu biyu a miƙe, su taɓa zoben cikin boris kaɗai, bayansu ya yi sumul daidai bakin sil, wato robar da ke rufe boris, don ƙura kada ta shiga. Guntun fayif ɗin ruwa da aka yanka da zarto ba sifesa ba ne, tarin washa biyar ma haka. Suna lotsewa, noti ya saki. Idan an jera komai, jerin ya shiga tsakanin ƙafafun suwinam da ɗan turi na hannu. In sai an buɗa su da ƙarfen taya, ya yi yawa. In kuma sai noti ya jawo su, ya yi kaɗan.

Tsakiya ana gane ta da zare. A daidaita majan kaca biyu, wato kusoshin da ke jan shaf baya, tukuna, hagu da dama. A zagayo zare ta bayan tayar baya, ƙasa-ƙasa yadda ba zai taɓa jak ko salansa ba, a ja bakinsa biyu zuwa gaba har su wuce tayar gaba, kowane gefe yana shafar tayar baya a wuri biyu. A miƙe kan babur, a auna daga zare zuwa tayar gaba. In ta baya 140 ce ta gaba 110, ya kamata a samu wajen milimita 15 ta kowane gefe. Idan hagu ta ba da 10 dama ta ba da 20, tayar baya ta goce da milimita 5. Irin wannan babur yana tafiya kamar kare mai gudu a karkace: kwanar hagu daban ta dama daban, ka sassauta hannu ya ja gefe, ka taka birki ya yi wutsiya.

Layin kaca kuma da miƙaƙƙen ƙarfe ake duba shi. A kwantar da shi a fuskar farantin baya, a miƙa shi gaba, ya kamata ya sauka a fuskar ƙaramin farantin injin. Kuskuren da ya wuce milimita 1 zuwa 2 zai nuna kansa: gefe ɗaya na haƙoran zai yi ƙyalli ya fiƙe, kaca ta riƙa ƙara, ta miƙe kafin lokacinta, ƙarshenta ta fita. Kacar da ta fita a guje tana iya naɗewa ta kulle taya, ko ta fasa murfin injin. Idan farantin baya ya fito waje da yawa, ana rage fuskar mazauninsa a injin fiƙa, muddin akwai naman da za a rage. Idan ya shige, a yi masa cikakken zobe a bayansa, a sa kusoshi masu tsawon da ya isa da man Loctite mai hana su kwancewa. Wasu sukan turo farantin gaba waje don kaca ta kauce wa ƙatuwar taya. Yana yiwuwa da milimita kaɗan, amma duk abin da aka ƙara yana ƙara wa boris da sil na bakin giya wahala, ga kaca na iya fara cin firam. A kuma duba lambar kaca. Mai 428 tsakanin ƙwayoyinta milimita 12.7 ne, mai 520 kuma 15.9. Rim ɗin babban babur yakan zo da faranti na 520, ba zai hau kacar 428 ba, sai an canza kaca da farantanta biyu gaba ɗaya ko an nemo faranti mai ramukan da suka dace. Robobin damfa da ke cikin cibiya su zama na wannan rim ɗin, kuma masu rai.

Birki ba a yi masa kusan-daidai. Farantin ya ratsa tsakiyar kalifa, fad ɗin ya kwanta a kansa duka. Ninja 250 farantin bayanta milimita 220 ne, na NS200 kuwa 230. Wanda ya haɗa ƙaramin faranti da mariƙin babba zai bar milimita 5 na fad a iska, ya ci ya yi baki, wata rana bakunan biyu su haɗu da juna, birki ya daina kamawa alhali feda tana da tauri. Mariƙin kalifa kuma dole ya maƙale a haƙorin da ke jikin suwinam ko a sandar da ke riƙe shi. In bai maƙale ba, takun farko kalifa za ta bi faranti ta tsinke tiyo. Wanda baburinsa mai durum ne ya ɗauko rim mai faranti, ya san cewa zai nemi masta, wato famfon da ke tura man birki, da feda da mazauninsu, aikin walda ne a jikin firam, ba na rana ɗaya ba. Masu ABS kuma, wato na'urar da ke hana taya kullewa a birki, zoben da na'urar ke karantawa dole ya zama irin na asali.

Suwinam da aka daka da guduma don a samar wa taya wuri, ko aka yanke gindinsa aka sake walda, ba ma tattauna shi. Duk nauyin baya da jan kaca a kansa suke. In taya ba ta shiga ba, ko a nemo cikakken suwinam da ya dace, ko a haƙura.

Sai ita tayar kanta. Manyan lambobi irin 150 da 160 sababbinsu suna da tsada, shi ya sa ake rugawa ga 'yan gwanjo, waɗanda ma suna cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su. A nemi lambobi huɗun da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a shekarar 2019. Robar da ta tsufa tana taurarewa ko da ƙirarta na nan, a lanƙwasa gefen a duba ƙananan tsaga, a sa hannu a ciki a laluba faci. Sabuwar 130 ta fi tsohuwar 150 riƙo nesa ba kusa ba. A duba kuma lamba da harafin da ke bin girman: 62H na nufin kilo 265 da gudun kilomita 210 a awa, 66 kilo 300 ne, S kilomita 180, P kuma 150. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa. Wadda ke da R a lambarta radiyal ce, kuma ba a sa radiyal a gaba a bar ta zare a baya. Rim mai sifok yana buƙatar tif, tif ɗin kuma na girman sabuwar tayar, don ƙaramin tif da aka hura ya cika babbar taya ya riga ya siranta, ƙaya kaɗan za ta fasa shi gaba ɗaya maimakon ya sace a hankali.

Wajen sawa, a bi kibiyar da ke nuna inda take juyawa, ɗigon rawaya ya zauna daidai bawul, a shafa ruwan sabulu a leɓe, ban da baƙin mai ko fetur. Kada a wuce psi 40 wajen zaunar da leɓe. In bai hau ba a sace iska a sake shafawa. Akwai siririn layi da ya zagaye tayar kusa da bakin rim, tazararsa ta zama ɗaya ko'ina ta gefe biyu. Faɗin taya ba ya nufin ƙarin iska. Irin waɗannan babura bayansu tsakanin psi 28 da 33 yake, gwargwadon goyo, kuma a rubuce yake a jikin suwinam ko murfin kaca. Da geji ake aunawa, ba da bugun sifana ba, kuma da safe kafin a hau. A Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kwalta kuma ta fi haka, tayar da ta yi tafiya za ta nuna ƙarin psi 3 ko 4. Wannan daidai ne, kada a sace, in an sace gobe da safe za a tarar da ita ƙasa.

Sakin kaca ya zama milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta, a inda ta fi tauri, sai in littafin babur ya faɗi wani abu daban. Kada a gajarta kaca har taya ta matso gindin suwinam, doguwar taya can take fara gogawa. Notin shaf a ɗaure shi da sifanar awo gwargwadon littafi, na Ninja 250 dai Nm 98 ne, a sa sabon fin in mai fin ne. A taka birkin baya sau da yawa har ya yi tauri kafin a sauke babur daga jak, don an buɗa fad wajen sa taya, takun farko fanko ne. Sabuwar taya tana da santsi, a bi ta a hankali kilomita 150 na farko, ba kwanciya ba fizga.

Mai babur kuma ya ɗora tsohuwar ƙafar da sabuwar a sikeli kafin a haɗa, ya ga bambancin da idonsa. Wannan nauyin injin ne zai riƙa juya shi a kowane tashi, shokozoba ta riƙa fama da shi a kowane rami, kuɗinsa kuma a gidan mai da kuloci ake biya. 'Yan kabu-kabu da ke neman abinci da Boxer wannan kwalliya ba tasu ba ce sam. Ga wanda ya yi, ya adana tsohon rim da sifesoshinsa a ɗaure wuri ɗaya da waya, don mai saye gobe zai tambaya. Bayan tafiyar farko a taɓa cibiyar rim da bayan hannu, a riƙe taya sama da ƙasa a girgiza a ji ko akwai wasa, a sake duba alli. A maimaita haka bayan mako ɗaya, a sake gwada noti da sakin kaca.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya tsare mu a hanya.

Daga wasu makanikan babur,
Sakkwato.